Uwaisu Jikan Maharba da Man Shanun Hajiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen daddawa a shagon Hajiya Hamdatu da ke titin Old Kent Road a Ingila ya san Malam Uwaisu. In bai san sunansa ba, ya san muryarsa. Shi ne mutumin nan mai hular sanyi da ke zama kan buhun shinkafa kusa da hita, yana ba masu saye labarin kakansa. Wai kakan nasa maharbi ne a dajin Falgore, wai ɓauna in ta ji tarinsa sai ta sake hanya. Shi kuwa jikan, aikinsa duba tikiti a wani garejin ajiye motoci wajen Charing Cross, kuma abin da ya taɓa kashewa a duniya bai wuce ɓera ɗaya ba. Shi ma tarko ne ya yi aikin.

Ba shinkafa ke zaunar da shi a shagon ba, mai shagon ce. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mijinta, Alhaji Saani, kuma manema uku sun zo sun wuce: likita, da wani malamin jami'a daga Bloomsbury, da wani mai ƙatuwar mota. Hajiya ba ta cewa e ko a'a da baki, haka ta taso ta ga matan gidansu suna yi. Sai dai ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka ta ajiye wa mutum. In ya buɗe ya ga man shanu yana yawo a kan miya, to ya je ya turo manya. In ya ga miya tsurarta, ya ci ya gode ya nemi takalminsa. Duk ukun nan miya tsura suka sha, kuma babu Bahaushen da ke tsakanin Peckham da Elephant wanda bai san wannan ba.

A cikin sito, bayan shagon, akwai wani inji na marigayi an ɗaure shi da kusoshi a jikin tebur. Alhaji Saani ɗan wani kulob ne na masu harbin allo a bayan gari, da lasisinsa da komai. Masu wannan wasa ba sa zubar da kwanson harsashi in sun harba, sai su tsince, su gyara, su sake cikawa. Injin nan shi ke aikin. Yana da hannu a gefe da wani faifai mai juyawa. Ka ja hannu, kwanso ya shige wani bututun ƙarfe da ke matse shi ya koma daidai, faifai ya juya, na bayansa ya hau. Da marigayi ya rasu an mai da bindigoginsa inda doka ta ce, injin kuwa Hajiya ta hana. Abokinsa Da Rwang, wani dattijo ɗan Jos da ya yi ritaya daga gyaran bas, ya taya injin ya fi sau goma.

Ita kuwa kullum amsarta ɗaya: "Da Rwang, kai ka san darajarsa, ni ban sani ba. Yaya za a yi ciniki a haka?"

To, a nan Uwaisu ya ga ƙofa. Ya shiga kulob ɗin, aka ɗauke shi na gwaji, watansa huɗu bai kai ga lasisi ba, ko ƙwayar albarushi ba a yarda ya kai gida ba. Da aka sa ranar baƙi, wata Asabar cikin Nuwamba, inda Da Rwang zai nuna wa jama'a yadda ake cika harsashi, sai Uwaisu ya miƙe a tsakiyar shago ya ce shi zai gyara kwanson da za a yi aikin da su. Guda ɗari uku. A kan injin marigayi. Kuma kowa da kowa ya zo ya gani.

Ya ce, "Injin nan ya gaji da maraici, Hajiya. Hannun gado yake jira."

Hajiya tana auna gero, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "To. Ran Asabar ɗin ni zan kai abinci."

Damaris mai kitso, wadda shagonta ke jikin na Hajiya, ta zo sayen magi, sai ta fasa, ta koma da gudu ta kai labari.

Ran Talata Da Rwang ya kawo kwanson a jaka, wayam, babu komai a cikinsu, da wata 'yar kwalbar mai ta fesawa.

Ya ce, "Malam Uwaisu, ka saurare ni. Ka fesa kaɗan a cikin jaka, ka girgiza, ka bar su su sha iska. Kada ka sa kwanso a injin nan a bushe. Kada kuma ka cika masa mai. Abu biyu ke nan, ba uku ba."

Uwaisu ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken fitila. "Wannan ai turaren amarya ne. Kakana shekara sittin yana ɗura bindiga, ban taɓa jin ya shafa wa harsashi mai ba."

"Kakanka adaka gare shi, da tsumma yake ɗurawa."

"Hannu dai ɗaya ne."

Da Rwang ya dube shi, ya dubi injin abokinsa, ya sa hularsa ya tafi.

Ran Laraba da hantsi Uwaisu ya naɗe hannun riga. Ya ajiye kwalbar turaren amarya can gefe, ya ɗora kwanso a bushe, ya ja hannu. Na farko ya shiga da ƙyar, ya fito da kuka. Na biyu ya shiga, ya ce a nan zai kwana. Uwaisu ya ja, ya tura, ya yi bisimilla ya sake ja. Da abin ya ƙi, sai ya kafa ƙafa ɗaya a jikin tebur, ya kama hannun injin da hannu biyu, ya kira sunan kakansa. Gindin kwanson ya tsinke, sauran ya zauna daram a cikin bututu, shi kuwa ya tafi da baya ya zauna a kan buhun dakakken barkono.

Buhun ya fashe.

Kafin a ce me ya faru, masu saye sun fito kan titi suna atishawa. Barkonon ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga shagon Damaris, mata uku suka fito da kai rabi a kitse rabi a tsefe. Masu jiran bas suka koma can gaba da tasha. Uwaisu ya fito na ƙarshe, ja wur tun daga hula har takalmi, hawaye na zuba.

Damaris ta ce, "Sannu, Sarkin Baka. Ɓaunar ta gudu?"

"Injin ne ya yi tsatsa," in ji shi, tsakanin atishawa biyu.

Hajiya ta toshe hanci da gefen mayafi. "Shekara goma sha ɗaya Alhaji yana aiki a ɗakin nan, ko albasa ɗaya bai taɓa turewa ba."

"Ai shi a hankali yake yi, Hajiya. Mu jinin farauta da zafi muke."

"Na ji zafin. Duk layin nan sun ji."

Sai da aka yi wa Da Rwang waya ya hau bas biyu ya zo da akwatin kayan aikinsa. Awa guda yana fama kafin ya zaro guntun kwanson. Ya ɗora wa Uwaisu a tafin hannu ya ce, "Mai. Kaɗan."

Uwaisu ya ji "mai". "Kaɗan" ɗin ne barkono ya hana shi ji. Ran Alhamis ya jera kwanso ashirin a kan tire ya juye musu kwalbar gaba ɗaya, har da buɗe murfi a kakkaɓe. Suka shiga inji suka fito lafiya, sai dai kowanne da lotsawa a kafaɗa, kamar an cije shi. Man ne ya yi yawa ya rasa wurin fita, amma Uwaisu ya juya su a hannu ya gano nasa dalilin. Man Turawa ba shi da jiki. Ruwa ne kawai aka sa wa tsada. Ga shi kuma ya ƙare, saura kwanso kusan ɗari biyu da tamanin, kuma ya gwammace ya sake zama kan barkono da ya kira Da Rwang ya ce a ƙaro.

Abin da bai sani ba, a wannan Alhamis ɗin Hajiya tana gidanta da ke saman shago tana soya man shanu. Ba na sayarwa ba. Ta zaɓi mai kyau, ta yanka albasa sirara, ta tsaya a kansa har ya yi ja ya yi ƙamshi, ta juye a babban bokitin kastad, ta ɗaure hannunsa da jan ƙyalle, don ita da ƙyalle take shaida kayanta, ba da rubutu ba. Ta auna mutumin ta sake aunawa. Surutu ne da shi, gaskiya ne, amma yana salla a kan lokaci, ba ya shan komai, kuma shekara huɗu ita kaɗai take cin abinci. Ta yanke shawara. Sai dai ba ta so ya gani kansa ya kumbura tun kafin Asabar, don haka ta tura bokitin can ƙarƙashin kanta a cikin sito, inda ya fi sanyi. Ta san Uwaisu, abu in ba a daidai idonsa yake ba, ba ya sunkuyawa.

Ran Juma'a bayan an sauko ta rufe shago ta tafi bikin suna a Peckham, ta bar masa makullin ƙofar baya. Yana zaune yana kallon kwalbar da ta ƙare, sai wani kwanso ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kanta. Ya sunkuya, karo na farko a tarihin ɗakin.

Ya jawo bokiti, ya buɗe, ya shaƙa. Ya ce, "Allah mai iko. Ga mai na gaskiya."

Bai tsaya tambayar kansa me ya kawo jan ƙyalle ba. Shago ne, kaya ne, gobe ya gaya mata. Ya ɗora bokitin gaban hita har man ya narke, ya kwashe kwanson duka ya zuba a ciki, ya sa ludayin awon gero yana juyawa. Yana cikin haka Sumani ya turo ƙofa da kwalin doya a kafaɗa. Sumani direban motar kaya ne, ɗan zangon Kumasi, shi ke kawo wa Hajiya kaya, shi ne kuma zai kwashi jama'a gobe.

Ya tsaya ya ja hanci. "Massa, me kana dafawa?"

"Ba girki ba ne. Ilimi ne."

Sumani ya leƙa bokiti. "Hajiya ya san ka ɗauki wannan?"

"Ni da Hajiya gobe war haka kayanta kayana ne."

"To gobe bai yi ba tukuna."

"Sumani, sauke doya. Bature ya ƙera inji, amma bai san mai ba. Mutumin da ke cin dankali da gishiri, ina zai san abin da ƙarfe ke so?"

Kuma ku ji abin haushi, da farko abin ya yi kamar zai yi. Kwanso suna shiga suna fita sulul, ko ƙara babu. Uwaisu har da waƙa. Sai dai man ya bi yatsunsa ya hau hannun injin, ya ja da ƙarfi, hannun ya kuɓuce ya dawo ya same shi a haɓa, ya ciji harshe. Kwanso suka riƙa tsalle daga yatsunsa kamar ɗanyen kifi, yana bin su da rarrafe. Faifan ya cika da albasa. Ƙamshi ya fita ya bi layi, har Damaris ta ƙwanƙwasa bango.

"Sarkin Baka, in biki ake yi a sammana."

"Aiki nake yi, Damaris."

"Aikin naka da shinkafa zai fi daɗi."

Kafin magariba ya gama. Kowane kwanso ya fito da lotsawarsa, wasu biyu, wasu uku. Sumani ya ɗauki ɗaya ya ce wannan ai ya lalace. Uwaisu ya ce ba lalacewa ba ce, shaidar hannu ce, ko maƙeri yana barin tambarinsa. Sannan wata dabara ta zo masa wadda ta fi duk na baya. Nama ma in ana so ya yi daɗi ai barinsa ake yi ya kwana cikin kayan haɗi. Ya mai da kwanson duka cikin sauran man, ya rufe, ya naɗe bokitin da tsohuwar kwat ɗinsa, ya ce Sumani ya ajiye masa a mota, kada Hajiya ta gani ta rage masa mamakin gobe. Motar kuwa a titi take kwana, cikin sanyin Nuwamba.

Da safe mutum goma sha huɗu suka cika motar Sumani da wata ta biyu. An shigar da kulolin tuwo da na miya, kowa ya zauna, Hajiya ce kawai ba ta fito ba. Tana cikin sito tana jan kwalaye.

Uwaisu ya leƙa. "Hajiya, lokaci fa. Turawa ba sa jira."

"Wani abu nake nema."

"Ko mene ne a bar shi. Yau babu abin da ya kai abin da ke cikin motar nan muhimmanci."

Ta dube shi, ta dubi wurin da bokitin yake da, ta ja mayafi ta fito. Ta shiga mota ta zauna a baya. Shi kuwa yana gaba, ƙafafunsa a kan ƙunshin kwat, yana ba da labarin yadda kakansa ya kashe kura biyu da harbi ɗaya.

Kulob ɗin wani dogon ɗaki ne na katako a gefen fili. An jera kujeru, Turawa 'yan kulob da matansu a gefe guda, mutanen Old Kent Road a gefe guda da manyan riguna a kan suwaita. Da Rwang yana tsaye gaban injin kulob, kusa da shi sakatare, wani dogon Bature mai baƙin kare. Tun da Uwaisu ya shigo karen nan ya bar ubangidansa ya bi shi, yana kaɗa wutsiya.

Uwaisu ya ce wa na kusa da shi, "Kun gani? Dabba ta san jinin maharba."

Da Rwang ya yi bayani da Turanci, ya maimaita da Hausa, sannan ya ce sabon ɗan kulob ne ya gyara kwanson yau, a ba shi hannu. Aka tafa. Uwaisu ya ɗora ƙunshin a tebur, ya ce kafin ya buɗe yana da 'yar magana. Ya yi minti goma. Ya ce yau za a ga bambancin ilimin littafi da na gado. Ya ce ya gano wani sirri da zai sa kamfanonin man Turawa su rufe. Sannan ya warware kwat, ya cire murfi, ya kifa bokitin a kan tire.

Babu abin da ya faɗo.

Ya girgiza. Ya bubbuga gindin. Ya ɗaga ya buga da ƙarfi, sai ga abu ya sauko dim, guda ɗaya, da siffar bokitin. Man ya daskare ya zama dutse, rawaya, gindin kwanso suna leƙowa ta ko'ina, ga soyayyar albasa a sama kamar ado.

Wata tsohuwar Baturiya a layin gaba ta tambayi ta kusa da ita ko kek ne irin na ƙasarsu.

Da Rwang ya matso, ya sa ɗan yatsa ya lakata, ya shinshina. Ya ciro kwanso ɗaya da filaya, ya duba lotsawar, ya leƙa cikinsa, cike taf da mai. Ya ce a hankali, "Malam Uwaisu, abu biyu na gaya maka."

"Ai in aka ɗan ɗumama shi..."

"In aka ɗumama shi sai a kawo burodi."

Sakatare ya tambaya da Turanci mene ne wannan ɗin. Damaris ta miƙe ta fassara masa da kyau, ba ta rage komai ba, har da barkonon ran Laraba. Dariya ta fara daga ɓangaren manyan riguna ta tsallaka ɓangaren Turawa. Karen ya ɗora ƙafafu a tebur, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Sakatare ya cire tabarau ya goge ido, ya ce ko ɗaya ba zai shiga injin kulob ba, kuma akwai tukunya da ruwan zafi a kicin, mai kayan ya san inda zai yini.

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta taso ta zo gaban tebur, ba ta ko kalli tulin ba. Bokitin ta ɗauka, ta juya shi, ta kama jan ƙyallen da ke hannunsa ta kwance, ta ninke shi ta sa a jaka.

Ta ce, "A zo a ci abinci, kada ya huce."

Aka buɗe kuloli. Ta zuba wa kowa, har sakatare da matarsa. Na Uwaisu ta zuba a kwano mai murfi, ta kai masa da kanta, ta ajiye. Mutanen Old Kent Road suka daina tauna. Ya ɗaga murfi. Tuwo fari tas, miyar kuka kore shar, ko ɗigon mai babu.

Ya dubi miya, ya dubi tulin da ke kan tire, sai a lokacin lissafin ya haɗu masa. Ya ce da ƙaramar murya, "Hajiya, wancan ɗin... nawa ne?"

"Naka ne. Ran Alhamis na soya."

"To ai ga shi nan, bai tafi ko'ina ba. A ɗan kankaro daga gefe."

"Na kankaro daga jikin harsashi in zuba a miyata?"

"Ko cokali ɗaya, Hajiya. Don shaida."

"Malam Uwaisu, da na neme shi da safe na rasa, na ce a raina ba laifin bawan Allah ba ne. Duk hanyar nan ina shirin in yi abin da uwata ba ta taɓa yi ba, in faɗa da baki. To ka hutar da ni. Na ba ka amsa bokiti guda, ka shafa wa ƙarfe. Ci tuwonka."

Ta juya. "Da Rwang, ran Litinin ka zo da spana mu yi maganar injin nan. Ka zo da shirinka, yanzu na san abin da yake ci."

Uwaisu ya cinye tuwon tas, don yunwa ba ruwanta da amsa. Ya yini a kicin yana wanke kwanso ɗaya bayan ɗaya, karen sakatare na zaune kusa da shi yana lasar hannun rigarsa.

Har yau yana zuwa shagon, kuma labarin ya samu gyara. Yanzu cewa yake yi a duk faɗin Ingila shi kaɗai ne kare ya taɓa barin ubangidansa ya bi, kuma Turawa sun yi ta mamaki. Sai dai a tsaye yake ba da labarin. Tun ran Litinin ɗin nan Hajiya ta sa Sumani ya ɗauke buhun shinkafar daga kusa da hita.